Takalmin jinjiri da 'yartsanarsa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na ce ka warware takalmin jinjirin da ka ɗinka, alhali ɗinkin ya miƙe, ka sa masa ƙasan roba mai ƙwari, ka jera masa duwatsun ado, kuma irinsa ne mata ke rububi a kasuwar Wudil ranar Juma'a. Ka haɗa da maganar ɗan zomon ƙyallen da na hana ka sa wa idon maɓalli. Hannunka ba shi da laifi, ya fara faɗawa. Wanda za a yi wa aikin ne ba ka duba ba.

Babban mutum in takalmi ya matse shi zai dawo maka da shi. Jinjiri kuwa kuka kawai zai yi, uwar ta ɗauka ciwon ciki ne. Ƙafarsa ba ta gama zama ƙashi ba, yawancinta guringuntsi ne, kuma ka san icce tun yana ɗanye yake tanƙwaruwa. In ka ɗaure yatsun nan cikin abu mai tauri, ka hana su baɗewa da motsin da suke bukata. Yawancin yara sai wajen shekara 1 suke fara takawa, wasu har wata 15 ko fiye. Kafin nan me ƙasan roba zai tsare? Takalminsa na sanyin hunturu ne, da kwalliyar suna ko ta sallah. In ya fara tatata ma, ƙasa mai laushi wadda yake jin tsakar gida ta cikinta ita ce ke taimakonsa. Gwajin ba wuya: naɗe takalmin da yatsu biyu. In bai lanƙwashe ba, ba na jinjiri ba ne.

Fatar da nake so a wannan aiki ta ɗan akuya ce ko ta tunkiya, jimar gargajiya ta bagaruwa, wadda aka murza har ta yi laushi. Kirgi, wato jemammiyar fatar saniya, na takalmin manya ne. Ragowar fatar kamfani da ake samu da araha a Ƙofar Wambai tana da sheƙi, amma yawancinta da sinadarin kurom aka jeme ta, kuma akwai jikin da ba ya shiri da shi, sai ka ga ƙuraje da ƙaiƙayi. Ka tuna kuma tun wajen wata 5 yaro ke kama ƙafarsa ya kai baki. Saboda haka ko wane rini aka yi wa fatar, jan karan dafi ne ko baƙin kuloko, jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi. In launi ya fito a ƙyallen, haka zai fito a bakin ɗan mutane. Gam mai warin nan kada ya kusanci aikin. Allura da zare sun wadatar.

Awo kuma, kada ka yarda da "ɗan wata 6 ne". Ɗora ƙafar a kan kwali ka zana ta, ka ƙara faɗin ƙaramin yatsanka a gaba, wajen santimita 1. Gaban ya zama mai faɗi, don ƙafar jinjiri ta fi faɗi ta wajen yatsu, kuma bayanta na da tudu. Gaya wa uwar gaskiya cewa cikin wata 2 zuwa 3 zai yi masa kaɗan. Kada ka yi masa ƙato don ya daɗe, tuntuɓe zai riƙa yi.

Inda aikin yake shi ne ciki. Mai saye waje yake kallo, kai ka kalli inda fata za ta taɓa fata. Duk ƙulli da bakin ɗinki su fito waje, ko ka lulluɓe su da shafin yadin auduga mai laushi. In ka gama, zura yatsa ka zagaya ko'ina, musamman dunduniya. Zare ɗaya da ya yi lilo a ciki yana iya naɗe ɗan yatsa ya shaƙe shi har jini ya daina kaiwa, yatsan ya kumbura ba wanda ya lura. Wannan ita ce ta fi tsorata ni a duk sana'ar nan, shi ya sa kake ganina da almakashi ina bin cikin takalmi bayan kowa ya ce an gama. Maɗaurin idon sawu ya riƙe, amma yatsanka ya iya shiga tsakani.

'Yartsana ƙa'idarta guda ce: duk abin da yaro zai iya cirewa, zai cire, kuma baki zai tafi. Maɓalli, dutsen ado, wuri, ƙararrawa, babu ko ɗaya ga yaron da bai kai shekara 3 ba. Ido da hanci da zare za ka yi su, ka kai ƙullin ciki. Kunne da wutsiya ka ɗinka su sau biyu da zare riɓi biyu, sannan ka ja su da ƙarfinka na gaske. Igiya mai tsawo ba ta da wuri a jikinta.

Yadin ka wanke shi kafin ka yanka, ya gama zuba da tsukewa. Abin cushe kuwa auduga ce da aka cire wa gurya tsaf, ko sababbin ƙyallaye wankakku da aka yayyanka. Tsumman da aka share daga ƙasan shago ba ya shiga, don allura da fil suna ɓuya a ciki. Ƙirga alluranka kafin ka fara da bayan ka gama. Ƙaiƙayi ko gero kada ka sa don nauyi. Ɗinki na iya ɓarkewa, kuma in yawu ya jiƙa su sai su yi funfuna. Audugar rimi tana da laushi, sai dai wuta ta fi kama ta da sauri, ga gidajenmu da murhu a tsakar gida. Kada ka cusa 'yartsanar tam, a bar ta yadda za ta wanku ta bushe a rana ɗaya.

In uwar ta zo karɓar 'yartsanar, ka ce mata: "Hajiya, in ya yi barci a ɗauke ta daga shimfiɗarsa har sai ya cika shekara, kada ta rufe masa hanci." Ka ƙara mata da cewa duk ranar da ta ga ɗinki ya fara saki, ta aiko da ita a gyara, ba sai ta biya ba.