Tambaya da Amsa: Daidaita Tsayin Farantin Jan Tirela a Bodin A-kori-kura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma na sayi tirelar kwana, wato wadda ake kwana a cikinta kamar ɗaki, mai aksul biyu, irin wadda goshinta ke hawa kan bodin mota, zan riƙa jan ta da a-kori-kura ƙirar Ford F-250. An ɗaura mini farantin ja a cikin bodi, amma idan tirelar ta daidaita sosai, tazarar da ke tsakanin bakin bodi da ƙarƙashin goshinta inci 4 ce kawai. Idan kuma na ɗaga farantin, sai gabanta ya fi bayanta tsayi. Wanne ya kamata in bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyu kake nema a lokaci guda, kuma a motoci masu tsayi irin taka ba kullum suke jituwa ba. Na farko shi ne tirela ta tafi a miƙe, na biyu kuma a sami isasshiyar tazara a saman bakin bodi. Idan dole sai ɗaya ya ɗan sassauta, to shawarata kada ya zama tazarar, domin ita ce ke tsakaninka da lotsewar bodi.

Farantin nan aikinsa ɗaya ne da wanda ke bayan kan manyan tirelolin da ke jigila tsakanin Kano da Legas: turken ƙarfe mai kaurin inci 2 da ke ƙarƙashin goshin tirela yana shiga bakin farantin, makulli ya kama shi, nauyin gaba ya kwanta a kan farantin. Bambancin shi ne kan babbar tirela ba shi da bango a gefe, ita kuwa a-kori-kura tana da bodi mai zurfin kusan inci 20 wanda goshin tirela ke shawagi a samansa. A kan shimfiɗaɗɗen titi inci 4 za su yi kamar sun isa. Matsalar tana fitowa ne a inda mota da tirela suka karkata daban-daban, kamar lokacin da za ka hau gangaren shiga gidan mai a karkace, ko ka ja da baya zuwa wurin ajiye tirela a sansani mai tudu da kwari. A nan tayar mota ɗaya takan faɗa ƙasa alhali tirela tana nan a tsaye, sai kusurwar bodi ta baya ta taso ta daki goshin. Shi ya sa yawancin masu ƙera waɗannan kayan suke cewa a bar kimanin inci 6, wato santimita 15, kuma wanda ke yawan barin kwalta gara ya ƙara a kan haka.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a yi awo a shimfiɗaɗɗen fili, tirela ɗauke da kayan da aka saba tafiya da su, tayoyi cike da iska. Ka cire tirelar daga mota, ka yi wasa da ƙafafunta na gaba har sai tsayin shasi daga ƙasa ya zo ɗaya a gaba da baya. Tef ɗin awo ya fi ma'aunin ruwa na magina amfani a nan, domin shi ba ya ruɗuwa idan filin yana da ɗan gangare. Daga nan ka auna daga ƙasa zuwa shafaffen ƙarfen da turken ke manne a jikinsa, ka kuma auna daga ƙasa zuwa daben bodi. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne tsayin da farantin ke buƙata, amma da sharaɗi guda da mutane da yawa ke mantawa: mota tana dusawa idan aka ɗora mata nauyi. Goshin irin wannan tirela yakan ɗora wa mota kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirelar duka, saboda haka bayan motar zai iya sauka da inci biyu ko uku.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da suka yi kusa da naka. A ce ƙarfen turke yana inci 50 daga ƙasa, daben bodi yana 37, ya koma 35 bayan an ɗora nauyi. Ke nan faranti zai tsaya a inci 15. Idan bakin bodi yana inci 56 a lokacin, ƙarƙashin goshi kuma yana 60, ga inci 4 ɗinka nan sun fito. Domin ka sami 6, dole faranti ya koma 17, goshi kuma ya tashi da inci 2. Yawancin farantai suna da ramuka da ke ba da damar ɗagawa ko saukewa a tsakanin inci 13 zuwa 18, gwargwadon kamfani, kuma akwatin ƙarfen da ke riƙe da turken shi ma yana da nasa ramukan. Sai dai a lura: sauke wannan akwati da ɗaga faranti sakamakonsu ɗaya ne, duka biyun suna ƙara tazara kuma suna ɗaga goshi. Na sha ganin mutum ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan yana fatan samun tazara da daidaito tare, ƙarshe ya dawo inda ya fara. Tsayin bakin bodi da tsayin goshin tirela daga ƙasa idan tana a miƙe su ne ke yanke hukunci, kuma ramukan noti ba sa canza ko ɗaya daga cikinsu.

To, tirela mai ɗagaggen goshi tana da haɗari ne? Idan bambancin gaba da baya bai wuce kamar inci ɗaya ba, ni ba zan damu ba. Idan ya yi yawa, nauyi yana komawa kan aksul na baya, tayoyinsa su riƙa zafi fiye da na gaba, su cinye da wuri, kuma a zafin bazarar Texas wannan shi ne hanyar fashewar taya. Tirela mai sifirin na ganye tana da ɗan ƙarfe mai lilo a tsakanin aksul biyu da ke raba nauyi, don haka tana da ɗan haƙuri. Mai aksul na roba kuwa, wadda kowace taya ke aikinta ita kaɗai, ba ta raba komai, kuma tana buƙatar a ja ta a miƙe sosai. Hanyar tabbatarwa ita ce sikeli. Bayan ka ɗaga farantin zuwa inda ya ba ka inci 6, ka je sikelin manyan motoci irin na CAT da ke tashoshin tireloli, ka tsaya yadda kowane aksul na tirelar zai hau sashensa daban, ka kwatanta abin da ya fito da iyakar da aka rubuta a jikin tirela da gefen taya. A wannan tafiya ka duba ko nauyin goshi da na faranti da na fasinjoji bai wuce abin da takardar jikin ƙofar direba ta yarda ba.

Idan sikeli ya nuna aksul na baya yana shan wahala, gyaran ya koma ƙarƙashin tirela. Mafi sauƙi shi ne a duba ko marataya sifirin suna da ramuka na ƙasa da za a iya komawa. Idan babu, akan mayar da sifirin saman aksul in da a ƙarƙashinsa yake, wanda kan ɗaga tirela da inci da yawa a lokaci guda, ko a sa ƙwararren mai walda ya ƙara ƙarfe mai kusurwa huɗu tsakanin shasi da marataya. Ga mai neman inci 2 kacal, na fi son wannan na ƙarshen, domin duk ɗagawar da ta wuce buƙata tana ƙara wa tirela tangaɗi a kwana da cikin iska. Balan-balan ɗin iska da ake sa wa bayan mota kuwa ba zai taimake ka ba, domin ɗaga bodi yake yi tare da faranti, goshi ya ƙara tashi, tazara kuma tana nan yadda take.

Duk gyaran da aka yi, a ɗaure notuna da sifana mai awo zuwa ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa, a sake gwada su bayan tafiyar farko. Sa'an nan ka auna tsayin tirelar tana haɗe da mota, daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta lambar ka manna a gaban sitiyari, domin a jihohi da yawa na Amurka iyakar tsayi ƙafa 13 da inci 6 ce, kuma akwai gadoji da rumfunan gidajen mai da ba su kai haka ba.