In sayar da sana na huɗa in koma sassaƙar kalangu?

Wannan tambaya ta zo ne daga wani dattijo masassaƙi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sandamu, ƙasar Daura. Ɗansa ne ya rubuto mini a madadinsa. Dattijon ya ce shekararsa 57, ya gaji sassaƙar turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, amma roba da injin niƙa sun cinye masa kasuwa. Bara wani makaɗin dambe ya kawo masa kalangu da ya tsage, ya sassaƙa masa sabon kango, kuma tun daga nan abin ya shiga ransa. Yana da shanun huɗa biyu. Yana so ya sayar da ɗaya ya sayi itace da fatu, ya kama rumfa a Daura. Ya ce ko girma bai hana ba?

Baba, girma bai hana ba. Hannun da ya yi shekara 40 yana riƙe da gizago ya riga ya san inda ice ke son tsagewa, abin da yaro sai ya ɓata gungume da yawa kafin ya gane. Amma san huɗar nan, don Allah ka bar shi a turkensa. Ka raba shi da ɗan'uwansa, ka kashe huɗar gonarka da kuɗin huɗar da kake yi wa mutane da damina, kuma su ne za su ciyar da gida a watannin da kake koyo.

Eh, koyo na ce. Turmi da ido ake sayensa, a ɗaga a ji nauyi, a duba gindi. Kalangu kuwa da kunne ake saye. Makaɗi zai saƙala shi a hammata, ya matsa tsarkiya, ya saki, ya karkata kai yana saurare. In bai yi magana ba, zai ajiye maka kayanka ko da ya fi madubi sheƙi. Kaurin jikin kangon, da yadda ka rarake cikinsa, da ƙuncin wuyan nan na tsakiya, su ke ba shi murya. Bakin nan biyu kuma dole su fita daidai, su yi sumul, in ba haka ba su yanke fata. Wannan ilimi yana wurin makaɗa. Ka koma wurin mutumin da ka yi wa aiki bara, ka tambaye shi abin da ya ji a kangon, mai daɗi da marar daɗi. Ka roƙe shi aron wani tsohon kango da ya yarda da muryarsa, ka auna shi da zare da yatsa, ka ajiye a gefe kana kallo kana aiki.

Abin da ya sa jarinka ba zai kai kuɗin sa guda ba shi ne, makaɗa da yawa su ke ɗaura wa kayansu fata da tsarkiya da hannunsu. Kango suke nema wurin masassaƙi. To ka fara daga nan, daga abin da ka iya. Fata aikin majema ne da dukawa, ka bar musu tukuna. Goge da kukuma ma ka ɗaga musu ƙafa, don su ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, wata sana'a ce dabam.

Kuɗinka na farko ice zai ci, kuma nan ake karyewa. Ɗanyen ice yana da daɗin sara, amma da hunturu ya kaɗa sai ka ji ya yi ƙas, aikin kwana huɗu ya zama makamashi. Ka yi masa sassaƙar farko, ka jingine a inuwa ya bushe a hankali, sannan ka ƙarasa. Alilliba an san ta da ganguna. Ka nemi izinin malaman daji kafin ka taɓa kowace bishiya, kuma ka sa kuɗin a lissafi, tare da na amalanke da kwanakin da ka yi kana aiki. Kangon da ya tsage ma ka raba asararsa a kan waɗanda suka tsira. In farashin bai fi abin da turmi zai ba ka a kwanakin nan ba, to ka san sha'awa ce kake yi, ba ciniki ba tukuna.

Kasuwar kuma ba ni ɓoye maka, ta ragu. Gidajen biki da yawa yanzu lasifika suke ɗauka, mawaƙan zamani kuma fiyano da kwamfuta sun ishe su. Waɗanda suka rage su ne makaɗan dambe da kokawa, da na mahauta, da na 'yan tauri, da masu gangar noma. Ba su da yawa, amma sun san juna daga Daura har Damagaram, kuma in kangonka ya yi murya a filin dambe ɗaya, labari zai riga ka zuwa. Tambari da sauran kayan fada kada ka fara sai an kira ka, suna da masu su.

Rumfa a Daura ba yanzu ba. Ka riƙa zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi da turamenka kamar kullum, ka ɗora kango biyu a kai. Ɗanka ya ɗauki makaɗin nan da waya yana kaɗa aikinka, ya tura ta WhatsApp. Ka kuma sassaƙa ƙanana na ado kafin Sallar Gani da hawan Sallah, lokacin da baƙi ke cika gari suna neman tsaraba. Makarantu ma na saye don ranar al'adu.

Saura maganar biya. Makaɗi mutum ne mai kuɗin lokaci: bayan kaka aljihu cike, da damina sai a hankali. Kuma bakinsa da zaƙi, zai wasa ka har kakanka na bakwai ka ji kunyar tambaya. Ka karɓi rabi kafin ka ɗaga gatari, rabi ranar da zai ɗauka. Wanda ya ce sai bayan biki, ka ce masa kangon na nan yana jiransa.

Ka ba kanka rani ɗaya a haka, da kuɗin adashi ko na ɗan akuya guda. In kafin ruwa ya sauka makaɗa uku da ba ka sani ba sun yi sallama a ƙofar gidanka, ka sa ɗanka ya sake rubuto mini, mu yi maganar fata da tsarkiya da ɗaukar yaron aiki.