Baffa ne ko kawu?

Ɗan nan, na ga tambayarka. Ka ce littafin matasan da aka ba ka fassara labarin wani yaro ne ɗan ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Arewacin Amurka, ya san ɗan'uwan iyayensa na da hannu a wani kisa, hukuma ta zo bincike ya yi gum. Wai ka sa baffa ko kawu, tunda Turanci kalma ɗaya gare shi, har kana cewa ai duk ɗaya ne. Wannan "duk ɗaya ne" ita ta cinye min gumin wata 5.

Shekara 9 ke nan wani mai harkar littattafai ya kawo min irin wannan aiki, shi ma labarin Ojibwe ne. Da fatar baki muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, ciko sai an gama. Ya ce kashi biyu za a fitar, kamar yadda aka saba a kasuwarmu, kuma lallai na ɗaya ya fito kafin sallah. Lokacin ina da wani yaro mai rawar kai, na ba shi ya yi zubin farko. Tun shafin farko ya sa baffa, ni kuma na bi sahunsa ina gyaran Hausa. Aka buga kwafi 2,000. Ina tsakiyar kashi na biyu sai ga kaka ta buɗe baki tana cewa mutumin nan da muka sa wa baffa da uwar yarinyar labarin nono ɗaya suka sha. Kawu ne.

Da ƙafata na je shagonsa na faɗa masa. Shi bai gani ba, da na yi shiru ma har abada ba zai gani ba. Na ce zan gyara ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Ya karɓi rubutun kashi na biyu wai zai duba, daga nan sai gobe, sai jibi. Ƙarshe ya ce ni na karya shi, ba ciko. Kwafin nan kuwa duk ya sayar da su, kashi na biyu ya fito da kalmomina babu sunana. Har yau idan na bi ta layin shagonsa sai raina ya ɓaci.

To ka saurara. Su Ojibwe ɗin sun raba kamar yadda muka raba: ɗan'uwan uwa nizhishenh, ɗan'uwan uba nimishoome. Zuriya kuma, wadda suke kira doodem, ta wajen uba ake gadonta. Ke nan baffa ɗan zuriyar yaron ne, kawu na wata zuriyar. Yaron da ya rufa wa baffa asiri gidansu yake karewa, wanda ya rufa wa kawu kuwa hawayen uwarsa yake gudu. Ka musanya su, ka sauya dalilin shirun, kuma shirun nan shi ne littafin.

Haka ma kada ka kira kowane mai kaki ɗan sanda ka wuce. Mutanen nan suna da keɓaɓɓun yankuna a Minnesota da Wisconsin da Michigan, wasu suna Kanada. A Amurka, tun dokar 1885 manyan laifuka irin kisa a waɗannan yankuna suka koma hannun gwamnatin tarayya, shi ya sa FBI, hukumar bincike ta tarayya, ke shigowa. Dokar 1953 ta miƙa wa jihar Minnesota wannan iko, ban da yankin Red Lake. A 1978 kuma Kotun Ƙoli ta ce kotun ƙabila ba ta da hurumin hukunta wanda ba ɗan ƙabilun asali irin su Ojibwe ba a kan laifi. Duba inda labarinka ya faru kafin ka raɗa wa mai bincike suna. Ka kuma tuna gwamnati ce ta riƙa kwashe musu 'ya'ya zuwa makarantun kwana, a aske musu gashi, a hana su harshensu. Gidan da aka yi wa haka ba ya saurin buɗe wa hukuma baki.

Zancen ƙamus da ƙa'idar rubutu ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san su ba ba shi da abin yi a shagona. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Ku zuba shafi a waya ta fassara, ku shafa masa mai, ku ce an gama, alhali ko ƙarshen littafin ba ku leƙa ba.

Ajiye alƙalamin. Karanta littafin daga bango zuwa bango, ka zana min gidan yaron a takarda, dangin uwa gefe, dangin uba gefe, ka kawo ranar Alhamis. Kuma ko shafi ɗaya kada ka miƙa wa mai aikin sai ya sa hannu a takardar ciniki a gabana.