Mai jinyar zukatan 'yan gudun hijira, wa zai yi jinyarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ne, shekara uku ke nan yana zuwa sansanonin Durumi da Kuchingoro a nan Abuja, yana zama da mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu. Kwanan nan barci ya ƙaurace masa, ya daina hira da yara, idan na tambaya sai ya ce gajiya ce kawai. Me zan yi? Daga wata uwargida a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yawancin waɗanda maigidanki yake saurara sun baro yankuna irin su Gwoza tun a 2014, kuma abin da suka gani bai bar zukatansu ba. Wanda ya wuni yana jin labarin uwar da aka kashe ɗanta a gabanta, gobe ma ya koma ya ji makamancinsa, da wuya ya dawo gida zuciyarsa wasai. Masana sun san wannan ciwo da ke kama mai sauraro, kuma ba alamar raunin imani ba ne. Ga yawan aiki, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200.

Kada ki matsa masa ya ba ki labarin abin da ya ji, sirrin marasa lafiya amana ne a wuyansa. Ki tambaye shi halin da shi kansa yake ciki, ki rage masa ɗawainiyar gida a ranakun da ya je sansani, ki kuma yi haƙuri da shirunsa.

Sai dai kulawarki ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Ka'idar wannan aiki ita ce ma'aikaci ya riƙa zama lokaci zuwa lokaci da wani babba a fannin domin ya sauke abin da ke ransa, a kuma ba shi hutu na gaske. Ki ƙarfafa masa ya nemi wannan a wurin aikinsa. Wanzami ba ya son jarfa, don haka mai yiwuwa ya ƙi da farko. Idan rashin barcin ya wuce makonni biyu, ko ya fara furta cewa rayuwa ta ishe shi, ki nemi wani yayansa ko amininsa da yake jin nauyi su raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba.