Fim ɗin Faransa da ake rera kowace magana a cikinsa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Turawa ma suna da fim ɗin waƙa irin na Indiya, kuma da wanne ya kamata ka fara. Suna da shi. Ni dai shawarata ka fara da Les Parapluies de Cherbourg na Jacques Demy, wanda ya fito a Faransa a 1964.

Sai dai kada ka zauna kana jiran a tsayar da labari a tashi rawa. A wannan fim babu maganar da ake yi da baki kawai, komai rerawa ake yi, har cinikin lema da hirar kanikawa a gareji. Da farko zai yi maka banbaraƙwai. Ka daure, ba da jimawa ba kunnenka zai saba.

Labarin talakawa ne. Guy bakanike ne, Geneviève kuma 'yar mai shagon lema. Suna tsaka da soyayya a 1957 aka kira shi soja zuwa yaƙin Aljeriya, ya bar ta da ciki. Wasiƙa ta yi ƙaranci, bashi ya taso uwarta gaba, sai ta auri wani mai sayar da lu'ulu'u. Abin da ya sa nake girmama Demy shi ne bai mai da kowa mugu ba. Uwar tsoron talauci take yi, mijin kuma mutumin kirki ne. Rayuwa ce ta raba su, kuma da suka sake haɗuwa a gidan mai a 1963, kowa da iyalinsa, bai yi mana ƙaryar mayar da su tare ba. Demy kansa ɗan mai gareji ne, a Nantes ya tashi, ya san mutanen da yake ba da labarinsu.

Ka lura da launi sosai. Bangon ɗakuna da kayan jikin Catherine Deneuve, wadda ta fito a matsayin Geneviève, an daidaita su da gangan, ja da ruwan hoda da kore. Kiɗan na Michel Legrand ne, an naɗe shi tun kafin ɗaukar hoto, 'yan wasa suna bin sa da leɓe. Muryar da za ka ji a bakin Deneuve ta Danielle Licari ce.

Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a shekarar da ya fito, kuma darakta Damien Chazelle bai ɓoye tasirin fim ɗin a kan nasa fim La La Land na 2016 ba. In rawa kake nema, ka bi da Les Demoiselles de Rochefort na 1967, a nan Demy ya kawo gwanin rawa Gene Kelly daga Amurka.