Rage tsawon bututun bindiga: aikin yana a baki

Ka tambaye ni me ya sa na hana ka ɗora zarto a kan bututun da mai shi yake so a mayar inci 20 daga inci 24, alhali a ganinka yanka ne kawai. To yarona, yankan kowa ma zai iya. Abin da ake biyanmu dominsa shi ne bakin da za mu bari.

Kafin komai, ka auna. Ka tabbata babu harsashi a ciki, ka rufe sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a gindin bututu, ka zura sanda ta baki har ta taɓa fuskar sakatar. Tsawon da hukuma ta sani ke nan. A Amurka, dokar 1934, yadda aka gyara ta daga baya, ta sa bindigar raifal mai bututu ƙasa da inci 16 sai da rajista ta musamman, kuma kowace ƙasa da tata iyakar. Mai lasisi ba ya wasa da wannan, shi ya sa nake barin ɗan rara sama da iyaka.

Sai ka gaya wa mai bindigar gaskiya. A harsashin .308, kowane inci da ka cire yana rage gudu da wajen ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa, ƙara kuma tana ƙaruwa. Murɗin tsagin cikin bututu, wanda ke juya harsashi, bai canza ba, kuma gajeren bututu ya fi tsayawa ƙyam, don haka saiti ba lallai ya lalace ba.

Inda yake lalacewa shi ne baki. Nan ne wurin ƙarshe da harsashi ke taɓawa, iskar albarushi tana tura shi da ƙarfin gaske. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da kaurin gashi ne, iskar za ta riga fita ta gajeren gefen, ta bugi gindin harsashin, ya tashi a karkace. Mai shi zai yi ta canza harsashi yana zargin idonsa, alhali laifin namu ne. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Saboda haka idan ka ɗora shi a injin da ke juya ƙarfe, kada ka daidaita shi da jikin waje. Ramin ciki ba koyaushe yake tsakiya cif ba. Da ramin za ka daidaita, kana kallon allurar ma'auni har ta daina rawa. Ka riƙa yanka daga ciki zuwa waje don kada ɓurɓushin ƙarfe ya lanƙwasa cikin tsagi. Ni na fi son gangaren digiri 11, ko bakin da aka ɗan lotsa ciki don kada ya bugu. Da ka gama, ka shafa auduga a gefen. In ta bar zare ko ɗaya, da saura.

In sabon bututu ne kake haɗawa da jikin bindiga, hankalinka ya koma ɗaya ƙarshen, wato tazarar da kwanson harsashi ke zama. Da ma'auni biyu ake gwada ta: dole sakata ta rufu a kan na farko, ta ƙi rufuwa a kan na biyu. A .308 bambancinsu kashi 4 ne cikin 1000 na inci. In tazarar ta yi yawa, kwanso na iya tsagewa kusa da fuskar mai harbi.

Gobe zan ba ka wani tsohon guntun bututu. Ka gyara masa baki sau uku, ka kawo mini tare da audugar.