Ba takardun shaidarka nake so ka turo mini ba

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a fannin ɗaukar hoton asibiti, ka ji ina bincike kan auna lantarkin jiki da na'urar MRI a Holan, kana so in kai ka wajen farfesana. To, ba ni da ƙofar da zan shigar da kowa. Kuma abin da ya fi damuna, saƙon naka ya nuna ka ɗauka aikin nan na asibiti ne. Lissafi ne da fiziks, sai kwamfuta daga safe har dare. Za ka iya yin wata da watanni ba ka ga marar lafiya ba.

Ga abin da muke yi. MRI tana aika igiyar rediyo cikin jiki. A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 3, igiyar tana kaɗawa ne a megahaz 128, wato sau miliyan 128 a sakan ɗaya. Nama yana lanƙwasa igiyar gwargwadon ruwa da gishirin da ke cikinsa. Mu sai mu auna yadda ta lanƙwashe, mu bi lissafin Maxwell, wato dokokin lantarki da maganaɗisu, mu koma baya, mu gano yadda kowane wuri yake bari lantarki ya ratsa shi. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya kai kusan simens 2 a kowace mita (ma'aunin wannan ratsawar ke nan), ɓangaren ƙwaƙwalwa mai launin toka kusan 0.6, farin kuma bai kai 0.4 ba. Amfaninsa shi ne a san zafin da igiyar take zubawa a jikin mutum, a tsara maganin daji na ɗumama ƙari, wataƙila ma a bambance wani ƙari da wani. Haacke da abokan aikinsa ne suka kawo tunanin a 1991, Ulrich Katscher ya farfaɗo da shi a 2009.

A takarda abin gwanin sha'awa ne. Wahalar tana nan: lissafin yana buƙatar ka ɗauki bambancin maƙwabtan ɗigon hoto, sannan ka sake ɗaukar bambancin bambancin. Duk 'yar hayaniyar da ke cikin hoton, wato ƙananan kurakuran awo da ke sa shi dishi-dishi, sai ta kumbura ta cinye amsar. Ka goge hayaniyar, ka goge ƙananan sassan da kake nema tare da ita. A kan iyakar nama biyu kuwa lissafin mai sauƙi ƙarya yake yi kai tsaye, har ya ba ka lamba ƙasa da sifili, abin da babu naman da yake da shi. Sannan lissafin yana dogara da jinkirin da igiyar take yi a cikin jiki; wanda muke buƙata na tafiya ne kawai, na'urar kuma tana ba mu na tafiya da dawowa a haɗe. Sai mu raba biyu mu yi fatan alheri. A tesla 7 wannan rabon ba ya riƙewa.

Ka kuma shirya wa dare. Da rana na'urar ta marasa lafiya ce, ɗalibi sai abin da ya rage. Kai kaɗai a ɗakin da sanyi ke ratsa ƙashi, da kwalbar gwaji a madadin nama, cike da agar (wani abu mai daskarewa kamar jeli) da gishirin da ka auna da hannunka, ka san amsar da ya kamata ta fito, allon kuma ya nuna maka wata daban saboda ɗan kumfan iska ya maƙale a gefe. Wannan bai taɓa ci mini rai ba kamar yadda wani abokin aiki ya riƙa sake duba lissafina a ɓoye, alhali ba ya duba na sauran. Ban ce masa uffan ba. Yau manhajar da na rubuta ce shi ma yake aiki da ita.

Ka sani kuma, sama da shekara 30 da fara maganar, har yanzu ba gwajin yau da kullum ba ne a asibiti. Masu yin sa kaɗan ne, a wurare irin su Utrecht, Seoul da New York, kusan duk sun san juna, don haka wasiƙa ɗaya da ka watsa wa farfesoshi goma za a gane ta. A Holan digiri na uku aiki ne na shekara 4 da albashi. Ana tallata gurbin, kai ka nema da kanka. Duk dillalin da ya ce ka biya shi ya samo maka, kuɗinka yake so.

In da gaske kake, koyi rubuta manhajar lissafi da Python ko MATLAB. Ƙirƙiri silinda a kwamfuta mai sassa biyu, ka lissafa lantarkinta da hanyar Helmholtz, wato lissafin nan mai sauƙi da na ambata, ka zuba mata hayaniya, ka ga abin da zai faru a bakin iyakar. Turo mini hoton da bayanin dalilin lalacewarsa a layi biyar. Daga nan sai mu yi maganar farfesa.